Gaskiya Dokin Ƙarfe

A wata unguwa ta Maradi, can inda kwalta ta ƙare yashi ya soma, akwai wani malamin lissafi wanda ya ajiye aiki bayan ya yi shekara talatin da 'yan kai yana riƙe da alli. Mutanen unguwa ba su cika kiransa da sunansa ba. Mai Jan Babur suke ce da shi, gama a zaurensa akwai wani babur wanda ba a taɓa ganin irinsa a wannan gefen gari ba. Kullum yana lulluɓe da tsohon bargo, sai ka ce doki a lokacin ɗari. Ran Asabar da safe malam yakan yaye bargon, ya share ƙura, ya tashe shi, ya bar shi yana gurnani kamar minti goma. Kafin ya kashe, yara sun cika ƙofar gida.

Babur ɗin Honda ne, irin wanda ake kira Shadow, ƙirar shekarar 2007. Ba irin na 'yan kabu-kabu ba ne. Nasu ƙarfin injinsu bai cika wuce 125 ko 150 ba, wannan kuwa 745 ne, da silinda biyu a tsaye kamar harafin V. Ruwa ke sanyaya injinsa kamar na mota. Ba shi da sarƙa, wata sandar ƙarfe ce mai juyawa a cikin kwanso take tura ƙafar baya. Sirdinsa yana ƙasa ƙasa, mahayi yakan zauna kamar a kishingiɗe, ƙafafunsa a miƙe gaba. In an cika tankinsa, nauyinsa yakan kai wajen kilo 250.

Asalin wannan siffa daga Amurka take, inda kamfanin Harley-Davidson yake ƙera babura tun 1903 a birnin Milwaukee. Ƙasa ce mai dogayen hanyoyi miƙaƙƙu, don haka aka yi wa mahayi babur na tafiya a natse. Daga baya Japanawa suka hangi kasuwar. Yamaha ya fito da Virago a 1981, Honda kuwa ya fito da Shadow a 1983. Na malam ma ta Amurka ya biyo. Wani baƙo ne ya zo da shi sa'ad da ya zo aiki ƙasar, da lokacin komawarsa ya yi ya ga ɗaukarsa wahala ce, sai ya sa shi a kasuwa da rangwame. Malam ya sayar da bijimai biyu, ya haɗa da ajiyarsa ta shekaru, ya biya. Da kuɗin babur da kuɗin duwan da na takardar mallaka, abin ya tsaya masa a kan miliyan ɗaya da rabi na saifa. Baƙon ya haɗa masa da wani babban kwali cike da ƙarafa, ya ce kayan babur ɗin ne na asali waɗanda ya cire, kada a yar da su. Aka tura kwalin ƙarƙashin gado, aka manta da shi.

Tun a hannun baƙon an riga an soma yi wa babur ɗin ado. Ya cire salansar kamfani ya sa wata mai ƙara, ya kuma kafa gilashin tare iska a gaba. Malam ya ɗora daga nan. Ya je wurin dukawa suka ɗinka masa jakunkuna biyu na ratayawa a gefe, aka yi musu fuska da fatar jar akuyar Maradi, wadda sunanta ya kai ƙasashen waje saboda laushinta. Ya sa aka ɗinka wa tanki rigar fata mai tuntaye. Ya ƙara fitila biyu, ya canza kan babur da wani mai tsawo, ya sa maƙeri ya yi wa uwargida majingini a baya. Da yake malamin lissafi ne, bai kashe ko dala ba sai ya rubuta a littafi. Jimlar adon da ya yi da hannunsa ta kama jika 640.

Amma fa babur ɗin bai yi tafiya ba. An ƙera shi domin kwalta, gidan malam kuwa cikin yashi yake. Ƙaramin babur in ya shiga yashi mahayi yakan sa ƙafa ya tura, ya wuce. Wannan kuwa cikinsa yana kusa da ƙasa, ga nauyi, in ya nutse sai an kira samari. Ga shan mai, ga tsoron lalacewar abin da ba a sayar da irinsa a gari. Cikin shekara tara, sau biyu malam ya kai shi Damagaram, sau ɗaya Ƙonni. Sauran duka 'yan zagaye ne na yammacin Lahadi, shi da uwargida, zuwa Tsibiri ko bakin tafkin Madarunfa, su dawo kafin duhu. Lambar da ke kan agogon tafiyarsa ta tsaya a 9,400.

Ana nan sai autarsa ta ci jarrabawar ƙarshe, ta sami wuri a wata makarantar koyon aikin jinya a Yamai. Aka yi murna, aka dafa shinkafa. Da baƙi suka watse malam ya ɗauko littafinsa. Kuɗin makaranta, kuɗin ɗaki, abinci, mota zuwa da dawowa, ya tara na shekara biyu na fari ya ga miliyan biyu. Fansho ba ya ɗaukar wannan kaya. Uwargida ba ta ce kome ba, ta dai dubi wajen zaure. Shi ma ya duba.

Lissafin kuɗin babur bai ba shi wuya ba. Miliyan ɗaya da rabi na saye, a ƙara jika 640 na ado, ya zama miliyan biyu da jika 140. Ya zubar da jika 140 domin tsufa, saura miliyan biyu cif. Ya yi murmushi, gama abin ya zo daidai da bukata kamar an auna.

Dillalai suka ji labari tun bai fita da bakinsa ba. Ɗaya ya zo har gida ya ce a bar masa, cikin kwana uku zai kawo mai saye. Malam ya yi godiya ya ƙi. La'ada ba ita kaɗai ta hana shi ba. Ya san dillali in ya ɗauki kaya bakinsa ne zai yi magana a madadin mai kaya, zai ce sabo ne fil, bai taɓa faɗuwa ba, bai taɓa ganin bakanike ba. Malam ya ce kayansa ne, bakinsa ya isa. A lokacin bai san nauyin wannan magana ba tukuna.

Kafin ya sa babur a kasuwa ya kira wani tsohon bakanike, abokinsa tun suna yara, wanda shi kaɗai yake yarda ya taɓa masa shi. Bakanike ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya tambayi kuɗin da za a sa. Da ya ji, sai ya nemi kujera ya zauna.

Ya ce, “Malam, ka sa kuɗin adonka a ciki, ko ba haka ba?”

Malam ya ce, “Ai kuɗi na kashe.”

Bakanike ya ce, “Ka kashe, ka kuwa ji daɗinsu shekara tara. Wanda zai saya bai aike ka ba. Ka taɓa ganin an sayi gida da tsada domin mai gida ya shafa masa shuɗin fenti? Wataƙila shi fari yake so, sai ya biya kuɗin kankarewa. Kan nan mai tsawo an yi shi daidai hannunka. Majinginin nan an auna shi da bayan matarka. Mai saye in ya ga an taɓa nan an taɓa can, abin da zai fara tambayar kansa shi ne, wa ya taɓa, ya iya ko bai iya ba, me kuma aka rufe.”

Sa'an nan ya nuna salansa. Ya ce kamfani ya daidaita mai da iska a kafireto bisa ga salansarsa ta asali. In aka sa wadda take buɗe, ba a kuwa gyara kafireto ba, iska takan yi wa mai yawa, inji ya riƙa zafi, ya riƙa tusa in an saki totur. Wannan harbin da yaran unguwa suke tafa wa, ba alamar ƙarfi ba ce. Shawararsa ita ce a jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado, a mayar wa babur kayansa na asali, a sayar da shi yadda kamfani ya yi shi, ado kuwa a nemi masu sonsa dabam.

Malam ya ce to, ado ya tafi, amma ai ga ƙarancin tafiya, wannan kam kuɗi ne.

Bakanike ya ce, “Kuɗi ne, amma zama ma yana cin ƙarfe. Dokin da aka ɗaure a turke shekara tara ba a ce masa sabo.” Ya tsuguna a gindin tayar baya, ya goge gefenta da tsumma, ya nuna wa malam wasu lambobi bayan haruffan DOT. Huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya, biyu na fari mako, biyu na baya shekara. Na wannan 1811 ne, wato mako na 18 na shekarar 2011. Zanen tayar yana nan kamar jiya aka sa ta, amma robar ta bushe, ga 'yan tsage-tsage a gefe kamar ƙasan tafki da rani. Masu ƙera taya da kansu sukan ce kada ta wuce shekara goma a jikin abin hawa, ko da ba ta cinye ba. Haka kuma mai in ya daɗe a kafireto yakan bushe ya bar danƙo ya toshe ƙananan ramuka. Man birki yakan sha laima daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Batir yakan mutu a zaune. Tankin da ba a cika cikawa ba yakan yi tsatsa daga ciki. Har tasarwar ran Asabar ɗin ma, in ji shi, ba ta isa ba, gama minti goma a tsaye ba ya gasa inji yadda tafiya take yi.

Da ya gama ya miƙe, ya ɗora yatsa a kan agogo, ya rage murya. Ya ce, “Saura biyu, kai ma ka san su. Wannan lamba ba kilomita ba ce. Abin da ke ƙarƙashin rigar nan kuma, da hannuna na gyara abin da ya gyaru.”

Malam ya yi shiru. Lalle ya sani. Babur ɗin na kasuwar Amurka ne, agogonsa da mil yake ƙirga. Mil ɗaya mita 1,609 ne, ya rubuta wannan a allo ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Mil 9,400 kuwa kilomita dubu goma sha biyar ne da ɗari ɗaya da 'yan kai. A Nijar ba mai lissafi da mil. Duk wanda ya leƙa agogon nan kilomita zai karanta.

Na biyun kuma ya faru a wata damina, shekara ta biyu da sayen babur. Malam yana karyo kwana zai shiga layinsu, ƙafar gaba ta nutse a jiƙaƙƙen yashi, babur ya kwanta ta hagu a kan gwiwarsa. Samari huɗu suka ɗaga. Kan babur ya lanƙwashe, tanki ya loɓa wajen faɗin tafin hannu. Bayan wannan ne aka sayo kai mai tsawo, aka kuma ɗinka rigar fata. Mutanen gari sun ɗauka ado ne. Ado ne kuwa, amma rabinsa rufin asiri ne.

Aka yi aiki kwana uku. Aka wanke kafireto, aka zuba sabon baƙin mai da man birki da ruwan lagireto, aka sa sabon batir, aka mayar da salansa da kai na asali. Abin ya ci jika 85. Taya kam ba a sami irin girmanta a gari ba, aka bar ta. Jakunkuna da fitilu da gilashi da majingini suka koma cikin kwali. Rigar tanki kaɗai malam ya bari. Ya ce wa kansa domin ƙura ce.

Ɗansa ya ɗauki hotuna ya watsa ta WhatsApp, sai mutane suka soma zuwa. Yawancinsu 'yan kallo ne, su hau su sa a ɗauke su hoto, su ce za su dawo. Wani saurayi ya zo da kwalliya ya ce a ba shi makulli ya ɗan zagaya ya ji lafiyar inji. Malam ya ce ya ajiye katin shaidarsa da kuɗin babur a hannun dattijon maƙwabci tukuna. Saurayin ya ce an raina shi, ya tafi, ba a ƙara ganinsa ba. Wani ya bugo waya ya ce ya riga ya turo kafin alƙalami, a duba saƙo, amma ya yi kuskure ya turo fiye da kima, a mayar masa da ragowar. Saƙo kam ya shigo, kuɗi ne dai ba su shigo ba.

A mako na uku wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo da mota. Ɗansa zai yi aure, yana so ya ba shi abin da ba kowa ke da shi ba. Ya zagaya babur sau ɗaya, ya shafa rigar fata ya yaba ɗinkin, ya leƙa agogo.

Ya ce, “Kilomita dubu tara kacal? Ai ko Yamai bai je sau goma ba. Malam, nawa ka ce?”

Malam ya ce miliyan biyu.

Alhaji ya ce, “Ban taya ba, na saya. Gobe da hantsi zan aiko yaro da kuɗi. Takardu kuma kada ka wahalar da kanka, ka ba shi yadda suke.”

Malam ya buɗe baki, ya rufe. Ya raka Alhaji har mota.

Daren nan bai yi barci ba. Ya yi ta kawo wa kansa hujja, hujjojin kuwa ba na banza ba ne. Bai faɗi ƙarya ba, Alhaji ne ya karanta da idonsa. Bai taɓa agogo ba, yadda ya zo haka yake. Ko dubu tara ko dubu goma sha biyar, duka ƙaramar tafiya ce ga inji irin wannan. Loɓawar tanki ba ta hana shi riƙe mai. Alhaji kuwa miliyan biyu ba za ta girgiza shi ba, ga yarinya kuma tana jiran ranar tafiya. Wajen tsakar dare ya zayyana wa uwargida duk wannan, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana gaban aji. Ta saurara har ya gama.

Ta ce, “Malam, in bambancin ba kome ba ne, me zai hana ka faɗa masa?”

Ya nemi amsa bai samu ba. Ya gane cewa abin da ya sa yake so ya yi shiru shi ne ainihin abin da ya sa ya kamata ya yi magana. Da ya tabbata Alhaji ba zai damu ba, da tun a zaure ya faɗa. Ya kuma tuna dalilin da ya sa ya kori dillali. Ashe mutum yana iya zama dillalin kansa, ya yi da shiru abin da dillali yake yi da surutu.

Da gari ya waye ya kwance rigar tanki, ya ninke ta ya sa a kwali. Bai jira yaro ba, ya bugo wa Alhaji ya roƙe shi ya zo da kansa. Ya nuna masa loɓawar, ya nuna masa lambar taya, ya ɗauki alli ya yi masa lissafin mil a bangon zaure. Ya kuma ce ba zai ba da babur ba sai an juya takardar mallaka zuwa sunan mai saye.

Alhaji bai yi fushi ba. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, “Malam, Allah ya yi maka albarka, amma kai ba ɗan kasuwa ba ne.” Sa'an nan ya koma ɗan kasuwarsa. Ya ce tun da babur ya taɓa faɗuwa, ga taya, ga zirga-zirgar takardu, ya saya miliyan ɗaya da jika 300.

Malam ya ce, “Albarka.”

Alhaji ya shiga mota ya tafi. Bai dawo ba.

Mako biyu suka wuce ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Labari ya bazu cewa jan babur ya taɓa faɗuwa, a bakin wasu har ya zama mota ce ta take shi. Yarinya ta daina tambayar ranar tafiya, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo. Wani ɗan'uwa ya zo ya ce wa malam ya yi wauta, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, mai sayen tsohon abu shi ke da alhakin dubawa. Malam ya ce haka ne, amma mai sayen rariya yana ganin ramukanta, ba a ɗinka mata riga ba.

Tun da abin ya riga ya fito, sai ya ga gara ya fito da shi duka. Ya yago takarda daga littafinsa ya rubuta da kyakkyawan hannunsa na malanta: shekarar ƙira, hannun da babur ya bi, mil da kilomita, ranar da ya faɗi da abin da ya lalace, abin da aka canza da ranar canzawa, shekarun taya, da abin da mai saye zai kashe nan gaba. Ya sa ɗansa ya ɗauki hoton takardar, da na tanki ta gefen da ya loɓa, ya tura tare da sauran.

Bayan kwana biyar wani saurayi ya bugo. Malamin gona ne, aikinsa yana kai shi Tasawa kowane mako, hanyarsa duka kwalta. Ya ce zai zo da sassafe, ya roƙa kada a tashi injin kafin ya iso. Ya zo da bakanikensa. Abu na fari da ya yi, ya ɗora tafin hannu a kan inji ya ji da sanyi, gama inji mai ciwo in an riga an gasa shi yakan ɓoye ciwonsa. Aka danna, ya tashi bugu ɗaya. Suka duba hayaƙi, suka saurari ƙara. Suka haska cikin tanki da tocila. Suka duba lambar jiki da aka buga a wuyan babur, haruffa da lambobi 17, suka gwada ta da ta takardar mallaka ɗaya bayan ɗaya. Ta goma a jerin ita ke nuna shekarar ƙira, suka ga 7, wato 2007, daidai da abin da malam ya rubuta. Saurayin da kansa ya miƙa wa dattijon maƙwabci katin shaidarsa da makullin nasa babur da kuɗin da ya zo da su, sa'an nan ya hau. Samari suka taya shi fita daga yashi. Ya yi rabin sa'a a kan kwalta ya dawo.

Ya ce, “Baba, na saya miliyan ɗaya da jika 400.”

Malam ya ce, “Albarka, ɗana.”

Aka yi ta ja, saurayi yana ambaton taya biyu da zai aika a sayo, malam yana ambaton batir da kafireto. Bakanike ya sa baki, dattijo ya sa baki. A kan miliyan ɗaya da jika 600 malam ya yi shiru, ya dubi babur ɗin, ya ce, “Na sallama.” Kowa ya ce Allah ya sa albarka.

Suna shan ruwa saurayin ya ce akwai wani babur da ya gani a Yamai, agogonsa bai kai na wannan ba, yana ƙyalli kamar madubi, amma ba wanda ya iya gaya masa inda ya kwana shekara goma. Ya ce, “Baba, takardar nan taka ita ta kawo ni. Wanda ya nuna mini inda ya loɓa, in ya ce mini inji lafiya lau, sai in yarda.”

Ba a ƙirga kuɗi a zaure ba. Tare suka je banki, aka ƙirga a gaban ma'aikaci, aka zuba a asusun malam. Aka rubuta takardar sayarwa kofi biyu, da lambar jiki, da lambar babur, da kuɗin, da ranar, da abin da agogo yake nunawa, malam ya sa aka rubuta kalmar mil a fili. Shaidu biyu suka sa hannu, aka kai aka buga hatimin hukuma. Malam bai huta ba sai da takardar mallaka ta fito da sunan saurayin. Dalilinsa kuwa a sarari yake. Muddin sunan mutum yana kan takarda, in babur ya buge wani, ko aka yi wata ɓarna da shi, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa, ko da ya shekara biyar rabonsa da shi.

Kayan ado suka fita a hankali cikin wata uku. Wani mai irin wannan babur ya aiko daga Yamai ya sayi salansa da gilashi. Wani ɗan kabu-kabu ya ɗauki fitilu. Kai mai tsawo ya tafi da kyar. Majingini ba wanda ya taya. Duka duka jika 190 suka shigo, har da kuɗin abin da baƙon ya bari. Malam ya buɗe littafinsa ya yi lissafi na ƙarshe: miliyan ɗaya da jika 600, a ƙara 190, a ɗebe 85 na gyara. Saura jika 295 kafin miliyan biyu. Wannan giɓi ba wanda ya zo da dare ya cike masa shi. Uwargida ta sayar da awakinta uku. Sauran kuwa malam ya nemo su da abin da ya iya.

Hausawa sun ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Ba su ce kiwonta araha ne ba. Mai karatu wanda yake da abin sayarwa, ko babur ne, ko keken ɗinki, ko saniya, zai iske abin da malam ya iske. Ƙaunar da ya yi wa kayansa da kuɗin da ya kashe domin jin daɗin ransa ba sa bin kaya zuwa kasuwa, a wurinsa suke tsayawa. Abin da mai saye yake biya shi ne halin da kaya suke ciki yau. Mai kaya kuwa ya fi kowa sanin wannan hali, saboda haka nauyin faɗa a wuyansa yake, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Yarinya ta tafi Yamai a kan lokaci. Ɗaya daga cikin jakunkunan nan biyu malam bai sa ta a kasuwa ba. Ya mayar da ita wurin badukun da ya ɗinka ta, aka sa mata maratayi, ita ce take zuba littattafanta a ciki.

A zaure kuwa, inda babur yake kwana, yanzu akwai benci biyu da allo. Da yamma yaran unguwa masu shirin jarrabawa sukan zo, iyayensu suna biyan abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata. Lissafin da malam ya yi wa Alhaji da alli yana nan a bango, ba a goge ba, sabon ɗalibi yakan tambayi ma'anarsa. Ran Jumma'a da la'asar, in malamin gona ya dawo daga Tasawa, yakan tsaya a bakin kwalta ya yi oda sau biyu. Malam yakan ɗaga hannu daga bakin ƙofa, ya juya ya ce wa yara su ci gaba da aiki. Har yau dai Mai Jan Babur ake ce da shi.